Abuja zuwa Kaduna ba tare da motarka ba: jirgin ƙasa, motar tasha ko shata?

Aikina yana Abuja, iyalina suna Kaduna, mota kuma ban da ita. Don haka babu hanyar da ban bi ba tsakanin garuruwan nan biyu. Duk wanda ya tambaye ni wacce ta fi, amsata ɗaya ce: in ka samu tikiti na gaskiya, hau jirgi.

Layin dogon kilomita 186 ne daga Idu zuwa Rigasa, an buɗe shi a watan Yulin 2016. A ɓangaren Abuja akwai tashar Idu, akwai ta Kubwa. Mazaunin Gwarimpa, Dutse ko Bwari bai da dalilin wahalar da kansa zuwa Idu, ya tsaya Kubwa jirgin zai biyo ya same shi. Tafiyar takan ci awa biyu da rabi zuwa uku. Ba don sauri nake sonsa ba, domin direban Golf mai zafin kai zai iya riga jirgin shiga Kaduna ranar da hanya ta yi kyau. Abin da ya saye ni shi ne kujerar tawa ce ni kaɗai, lambarta na jikin tikiti, babu mai ce mini "Malam, ɗan gyara mana." Ga sanyi, ga wurin miƙe ƙafa, ga banɗaki. Wanda bai taɓa tafiya da tsohuwa ko mai ciwon suga ba, ba zai san darajar banɗakin nan ba. Ranar da na kai Hajiyarmu asibiti a Abuja, ta tashi sau uku, ba wanda ta roƙa, ba wanda ya yi mata tsaki. Da damina kuwa, in aka wuce Jere, sai ka jingina da taga kana kallon gonakin masara da garken shanu har barci ya sace ka.

Kujerun aji uku ne. Lokacin da aka dawo da jirgin a ƙarshen 2022 bayan harin da aka kai masa, ƙaramar naira 3,600 ce, ta tsakiya 6,500, babbar 9,000. Ka duba farashin ranar kafin ka fito. Ni dai ƙaramar nake saye, tunda kan jirgi ɗaya ne ke jan mu duka, kuma tare za mu sauka.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Jirgi ba ya jiran kowa, kuma sawunsa a rana kaɗan ne. Rigasa ma ba tsakiyar gari ba ce, mai zuwa Barnawa ko Sabon Tasha sai ya ware kuɗin keke da lokacin cunkoso. Sannan babu wanda ya manta daren 28 ga Maris 2022, da aka kai wa jirgin hari kusa da Katari, aka kashe mutane, aka kwashe wasu zuwa daji. Sai 5 ga Disamba na shekarar ya dawo aiki, da sharaɗin lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ga duk mai sayen tikiti. A watan Agustan 2025 ma ya sauka daga kan layi a Asham. Duk da haka, in na auna da abin da idona ya gani a kan kwalta, nan hankalina ya fi kwanciya.

Motar tasha amfaninta guda ne: ko yaushe ka tashi za ka samu, a Jabi, Utako ko Zuba, in dawowa ce kuma a Kawo ko Mando, kuma za ta sauke ka a Gonin Gora ko Kakuri in can ka nufa. Ban da wannan, mutum huɗu ne a baya, gwiwarka a haƙarƙarin wani, kan titin da ake gyara tun 2018, inda tirela ɗaya in ta kife a Tafa kowa ya kwana. Shata kuwa ta masu kuɗi ce da masu kai amarya, kuma gargadar da ta girgiza mai Golf ita za ta girgiza ka.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Wata Alhamis na nemi tikitin Juma'a na rasa, ga shi ɗaurin auren ƙanwar matata bayan an sauko masallaci. Wani a zauren WhatsApp ya ba ni lambar "mai hanya". Na kira, ya amsa da ladabi kamar mun saba: "Ranka ya daɗe, kujera biyu kacal suka rage, ta taga ma zan ba ka." Kusan ninki biyu na tura masa. Ya aiko hoton tikiti mai kyau, da tambari, da lambar tarago, da komai. Da asuba ina bakin ƙofar shiga jirgi, ma'aikacin ya ɗora na'urarsa kan wayata, ya dube ni ya ce, "Alhaji, wannan an riga an shiga da shi." Mu uku muka tsaya cirko-cirko da hoto iri ɗaya, har da wata baiwar Allah mai goyo. Na kira lambar, a kashe. Ƙarshenta a Sharon na tafi, na iso ana rabon goro.

Tun Janairun 2021 ake sayar da tikitin nan ta intanet, da sunanka da lambarka. Saboda haka duk tikitin da ba sunanka ne a jiki ba, ba naka ba ne, ko da na gaske ne. Hoton tikiti ba tikiti ba ne, mutum goma ana iya tura wa. Duk wanda ya ce ka zuba kuɗi a asusun wani mutum mai suna, ɗan damfara ne. Akwai shafukan Facebook da ke ɗauke da hoton jirgi da tambarin hukuma, suna cewa a turo saƙo a kama kujera, kada ka kula su. Kuma kada ka miƙa wa baƙo lambar NIN ɗinka wai zai saya maka, ba ka san me zai buɗe da ita ba. Saya da kanka ta manhajar hukumar jiragen ƙasa, da wuri, musamman na Juma'a da Lahadi da jajibirin sallah.

Bakin titi ma da nasa. In ka ji ɗan kamasho na ihun "saura mutum ɗaya!", leƙa ka ga ko fasinjojin na da kaya. Sau da yawa 'yan cika ido ne, kana biya za su riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ka zauna awa guda ana jiran lodi. Mafi muni su ne motocin da ke tsayawa a gefen hanya wajen Zuba ko Kubwa da farashi mai sauƙi, irin waɗanda 'yan Abuja ke kira wan cans, wato motocin 'yan fashi da ke ɗaukar fasinja su yi masa ƙwace. Shiga cikin tasha, inda ake rubuta sunanka da lambar ɗan'uwanka a takarda kafin mota ta tashi, ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida. In kuma la'asar ta yi maka a Abuja ba tikiti a hannu, kwana, ka kama motar asuba.