Gargaɗi kan mai waldar da ya karɓi naira dubu 180 ya rufe mini tsagewar mota da fila

Naira dubu 180 na ba wani mai walda a Kano domin ya gyara mini bayan Hilux ɗina da ya tsage, kuma har yanzu ina ganin sa a idona lokacin da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, wannan aikinmu ne." Durƙuson nan ne ya sa na amince masa. Ya nuna mini inda tsagewar ta faro, daidai kusoshin da suka ɗaure bodi da shasi, ya ce zai huda ƙarshenta don kada ta ci gaba, ya goge tsatsar, ya yi walda, sannan ya ɗora farantin ƙarfe ta ƙasa. Shekara 11 ina ɗaukar kaya daga Dawanau, na san haka gyaran gaskiya yake, saboda haka kada wani ya ce sakaci na yi.

Ranar da na ɗora buhu takwas na masara, kafin in kai Bichi fentin ya dare. Na sa farce na ɓamɓare wurin, sai fila, wato abin da ake shafawa a cike ramin jikin mota kafin fenti, take ta zubowa, babu walda ko ɗigo ɗaya, babu faranti, kuma tsagewar ta ƙara tsawo. Tun kafin nan ya karɓi dubu 120 kafin alƙalami, wai kuɗin ƙarfe, sannan dubu 60 ranar da na karɓi motar, jimilla dubu 180. Ban ma faɗa ba, kwana uku ya yi mini alkawari amma motar ta kwana tara, kuma sai bayan magariba ya kira ni, yana cewa kada in taɓa wurin domin fenti bai bushe ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har tukuici na ba yaronsa, ina ta godiya.

Yanzu wayarsa a kashe take, maƙwabtansa kuma sun ce haya yake yi a wurin, ya kwashe kayansa ya tashi. Hotunan alat ɗin banki guda biyu da na filar suna hannuna, zan sa su gobe in Allah ya yarda.

Kada ku bari a shafa fila ko fenti kafin ku ga waldar da idonku ta sama da ta ƙasa, kuma kada ku karɓi mota da dare. Ni dai dubu 180 ɗina ban yafe ba.