Wata biyu na yi ina zuwa formasiyon na kwamfuta a Damagaram, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na sa hoton atestasiyon ɗina a WhatsApp ake ta tambayata wai ina na yi, nawa na biya, akwai amfani ko dai ɓarnar kuɗi ce, to bari in rubuta sau guda kowa ya karanta in huta. Sunan wurin ba zan faɗa ba don akwai abin yabo akwai na kushe, kuma garin nan kowa ɗan uwan kowa ne.

Ni magaziniye ne a wajen wani Alhaji mai saida kayan sari kusa da kasuwar Dole, shinkafa da sukari da mai da taliya, shekara 7 ke nan ina riƙe da magaza da kaye da bik kawai kuma ban taɓa jin na gaza ba sai da ɗan Alhaji ya gama karatu a jami'ar André Salifou ya dawo da kwamfutarshi a jaka yana cewa Baba ai yanzu ba a lissafi a kaye. Bai ce da ni komai ba, yaro ne mai ladabi, yaya yake ce mini, amma in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta ai ka san abin yi. Shi ya sa na je na yi rajista.

Kuɗin jika 45 ne na wata biyu, sau uku a sati, daga bayan la'asar zuwa magariba, ban da na kabu-kabu zuwa da dawowa.

Sati biyun farko wallahi na kusa cewa a maido mini kuɗina. Wani mushe aka kawo mana da kwat da karabat cikin zafin nan na watan Afrilu, wai darasin gina kai da zama jagora a wurin aiki, ya yi ta zuba Faransanci kamar yana gidan rediyo, ku yi babban buri, ku yarda da kanku, manyan masu kuɗin duniya ƙarfe 5 suke tashi. Wani dattijo mai gadi da ke zaune kusa da ni ya ce Mushe mu fa tun muna yara kiran assalatu ke tada mu kuma har yau ba mu ga kuɗin ba, aji ya fashe da dariya. Rabin ajin ba sa bin Faransancin sosai, ga shi tun watan Maris na 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa, amma mutumin nan ko sau ɗaya bai sauko ya yi bayani da ita ba alhali da muka fito na ji shi yana ciniki da mai tsire da Hausa tsantsa. Abu ɗaya na ɗauka a wajenshi, kafin in rufe magaza in rubuta ayyuka uku na gobe a takarda. Wannan kam ina yi har yanzu, ba zan ci hakkinshi ba.

Sai aka kawo malamar Excel, wato abin da ake yin tablo da lissafi da shi a kwamfuta, a nan kuɗina ya fara fita. Yarinya ce ƙarama, na girme ta nesa, amma ranar farko ta ce kowa gobe ya zo da ainihin takardun aikinshi ba za ta koya mana da sunayen Faransawa da farashin tufa ba. Na kawo tsohon kayena duk ya sha mai. Ta duba ta ce Malam wannan 200 ɗin da ka rubuta sefa ne ko dala? Na ce dala mana, wa ke lissafi da sefa a kasuwa. Ta ce to ka ga aikinka na farko, ta sa na buɗe layi ɗaya na dala, na kusa da shi na rubuta =B2*5, wato a ninka dalar sau 5, na ja shi ƙasa, sai ga duka farashin sun koma sefa a lokaci guda, dala 200 ta zama 1000. Ƙaramin abu ne na sani, masu ilimi za su yi dariya, amma ni a ranar ji na yi kamar an cire mini ƙaya. Daga nan muka shiga SOMME na tara jimla, da SI wanda na saita shi yana rubuta mini "a sayo" duk sanda buhun shinkafa ya yi ƙasa da 20, sai RECHERCHEV wanda ya ba ni wuya sati guda cur, shi ne kake rubuta sunan mai bashi ya jawo maka abin da ake binshi daga wani tablo. In ba ka gane ba sai ta maimaita da Hausa ba tare da ta sa ka ji kunya ba, Allah ya saka mata.

Ga wani abu da ba wanda ya gaya mini kuma ya kamata duk ɗan Damagaram ya sani tunda yawancinmu daga Kano ake kawo mana na'ura. Kwamfutocin santar da muke karatu na Faransanci ne, harufan sama AZERTY, ni kuma wadda na saya ta hannu daga Kano QWERTY ce kuma Excel ɗinta na Ingilishi. Na koma gida na rubuta SOMME ta ƙi, na yi ta faɗa da ita har dare ashe a can SUM ake cewa, SI kuma IF, RECHERCHEV kuma VLOOKUP, sannan inda na saba sa alamar ; ita kuma alamar , take so. Mafi ciwo, inda Z yake a ta santar nan W yake a tawa, hannuna ya saba da Ctrl da Z na gyara kuskure, sai na danna Ctrl da W wanda shi rufe aikin yake yi, ta tambaye ni da Ingilishi ko in aje, ni kuma cikin gaggawa na danna a'a, aikin awa biyu ya tafi. Da na ba malama labari ta ce laifinsu ne da ba su tambayi kowa irin na'urarshi ba, washegari ta kawo mana takarda da sunayen a harsuna biyu.

Abin kushe kuma akwai. Mu 20 ne kwamfuta 12, biyu ma ba sa tashi, in ka makara sai dai ka leƙa ta kafaɗar wani. In kuran ya ɗauke shi ke nan, suna da gurup amma kullum wai babu esansi, na ƙirga darasi 4 da suka tafi haka ba a rama mana ba. Kuma ranar ƙarshe aka ce sai mun ƙara jika 5 na atestasiyon, abin da ba a faɗa ba ranar rajista. In za ka je irin wuraren nan ka tambayi wannan tun kafin ka ciro kuɗi, ka ƙirga na'urorin da idonka, ka kuma tambayi wa zai koyar.

A magaza fa? Ranar Alhamis da kasuwar Dole ke ci da sai bayan isha'i nake gama haɗa lissafi, yanzu kafin magariba na rufe. Kuma da na zuba kayen wata uku a tablo sai ga katan 14 na taliya sun ɓace, gabana ya faɗi don ni za a fara kallo, na bi layi layi har na gano wani mai shago ne daga Mirya ya ɗauka bashi ranar da ba na nan, an rubuta a bayan wata faktir ba a sa a kaye ba. Alhaji ya kira shi a waya a gabana ya amsa ya biya.

Albashi dai bai ƙaru ba kar wani ya ce na ce. Alhaji ya ba ni jika 10 ya ce in sha ruwa, ya sa mini albarka, sannan ya ce amma fa kayen nan kar ka daina, ni abin da ba na iya taɓawa da hannu ban yarda da shi ba. To yanzu biyu nake yi, in shigar a kwamfuta da rana, da yamma in kwafe jimlar a kaye in kai mishi ya sa tabarau ya duba. Atestasiyon ɗin kuwa tunda na kawo shi gida uwar yara ta sa a ƙasan akwati, ba wanda ya taɓa cewa in nuna.