Manyan tayoyi a kan Hilux da maganar iskar da za a sa musu

Kafin faɗuwar damina na cire tayoyin da Hilux ɗina ta zo da su, 265/65R17, na sa LT285/70R17 masu manyan haƙora. Gonata tana can bayan Soba, inda daga an sauka kwalta sai burji, sai laka, sai wani mashigin rafi mai yashi. Gaskiya tayoyin sun biya ni. Motar ta ƙara tsayi, cikinta ya daina gugar tudun tsakiyar hanya, gefen tayar kuma da kauri, kututturen dawa ba ya huda shi da sauƙi. Amma duk daɗinsu yana ga iskar da aka sa musu, kuma a nan ne mutane da yawa ke wahalar da motarsu.

A jikin tayar an rubuta 80 psi, wato ma'aunin ƙarfin iskar taya. Wannan iyaka ce, iskar da take buƙata in za ta ɗauki iyakar nauyinta, kilo 1,450 kowace ɗaya. Hilux ɗin da ba kaya ba ta kai nan ko kusa. Wani mai faci a Kwangila, Zariya, ya dubi girmanta ya ce mini, "Alhaji, irin wannan ai sai sittin." Ban yarda ba. Da sittin tsakiyar tayar kaɗai ke cin ƙasa, shi zai fara suɗewa, birki ya rage kamawa, motar ta dinga tsalle a gargada kamar amalanke. Lambar da ke manne a jikin ƙofar direba kuwa an yi ta ne don tayar kamfani, mafari ce kawai.

Alli ne ya raba mini gardama. Da sassafe, tayoyi na sanyi, na sami shimfiɗaɗɗen kwalta wajen Samaru, na goga allin a faɗin tayar daga wannan gefe zuwa wancan, na tuƙa a miƙe kaɗan, na sauko na duba. In tsakiya ya goge gefuna suka rage, iska ta yi yawa. In gefuna ne suka goge, ta yi kaɗan. A 36 allin ya goge bai ɗaya, nan na tsaya, kuma ba na yin ƙasa da 35 a kwalta. Ranar da na loda buhunan taki, na baya nakan kai su 48.

A auna da safe. In ka taho daga Kano da azahar za ka ga gejin ya ƙaru da 3 ko 4, zafi ne, kada a sace iskar. Sanyin hunturu kuma yana rage ta, kusan psi 1 a duk saukar digiri 5 zuwa 6.

A burji nakan sauke zuwa 28, sitiyari ya daina karkarwa a hannu. A yashin rafin 18, tayar ta baje, motar ta haye ba ta tona rami. Sai dai a hankali ake tafiya, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi, don taya mai ƙarancin iska tana iya zamewa daga wili. Kafin in koma kwalta dole in mayar da iskar, domin gudu da lallausar taya yana dafa ta daga ciki har ta fashe. Shi ya sa na sayi ƙaramin injin iska mai jonawa da batir, da geji nawa na kaina, tunda na masu faci kowa da abin da nasa ke nunawa. Injin ba shi da sauri, bututunsa kuma ya yi zafi har ba ya taɓuwa, amma ba na fita gona ba shi.

Shan mai ya ƙaru, tayoyin suna da ƙugi a kan titi, agogon gudu kuma in ya nuna 100 to kana wajen 107. Wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce Sabon Gari zuwa Tudun Wada ba, ya zauna a kan tayar kamfani.