Kiran bidiyo na rukuni a WhatsApp: yana rage wa tsofaffi kaɗaici kuwa?

Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ran 11 ga Maris 2020, tsofaffi aka fi matsa wa su zauna a gida, kaɗaici kuma ya dami da yawa daga cikinsu. A watan Afrilu na shekarar WhatsApp ya ƙara yawan masu shiga kira ɗaya daga 4 zuwa 8, yanzu har 32. Ga dattijo dai, wannan 32 ɗin ado ne kawai. Da an wuce mutum huɗu ko biyar fuskoki sun ƙanƙance, muryoyi na hawa juna, mai raunin ji sai ya koma ɗan kallo.

Inda manhajar ta yi rawar gani shi ne riƙe zumuncin da ma can akwai shi. Amma sai wani ya zauna ya shirya wayar: a ƙara girman rubutu, a maƙale rukunin a saman jerin hira, a kunna zaɓin rage cin data a lokacin kira. A tsayar da rana da sa'a guda kowane mako, minti 20 zuwa 30 sun isa. Jiran ranar ma kansa yana ɗebe kewa. A jingina wayar daidai fuska, haske ya zo ta gaba, don mai raunin ji da motsin leɓe yake cike abin da kunne ya rasa. Waya biyu a ɗaki ɗaya kuwa amsa-kuwwa suke jawowa, a rufe makirufon ɗaya.

Babban aibinta jita-jita. Rukunin da ke sada dattijo da mutanensa, ta nan labaran mace-mace da maganin bogi suke shigo masa, kuma wanda tsoro ya cika shi yakan ƙi fita ko bayan an janye dokar kulle. Kamfanin ya taƙaita saƙon da aka yi ta yaɗawa zuwa hira ɗaya a lokaci guda, amma hakan bai tsayar da abin ba. Gara a ware ƙaramin rukuni na gaisuwa zalla, a kuma toshe damar da baƙo zai jefa shi wani rukuni.

Wanda ba shi da kowa, manhajar ba za ta samo masa aboki ba. Mai rawar hannu ko mantuwa kuma yana buƙatar wani kusa da zai amsa masa kiran.