Garin kolajin na fatar kifi: ba ya ƙarni, amma takardar jikinsa ta yi rowar bayani

Wanda ya taɓa riƙe ɗanyar fatar kifi, ƙarni zai fara tambaya. Wannan garin kolajin, wato furotin ɗin da ke riƙe fata, wanda ake sha don gyaran fata da farce, ba shi da shi. Fari ne mai laushi, cokali ɗaya yana narkewa a ruwan sanyi ba gudaji, ba ya kuma daskarewa idan ya jima a kofi. A nan masu haɗa shi sun yi aiki, na kuwa yaba.

Asalinsa fatar da masana'antun sarrafa kifi ke warewa ne bayan sun cire tsoka, wadda a da zubarwa ake yi ko a niƙa wa dabbobi. Ana wanke ta, a jiƙa a ruwan soda don fitar da kitse da sauran furotin, asid mai sauƙi ya kumbura ta, sannan a zuba enzayim, wato sinadarin halitta mai narkar da furotin, ya daddatse dogayen zaruruwan kolajin zuwa gutsattsari ƙanana. Daddatsewar ce ke sa shi narkewa haka. Daga nan sai tacewa da busarwa. Kolajin ɗin nau'i na 1 ne, irin wanda ya fi yawa a fatar mutum da ƙashinsa.

Damuwata tana kan enzayim ɗin. Da yawa muna zaɓar na kifi ne don mu guje wa na alade, alhali pepsin, ɗaya daga cikin enzayim da ake wannan aiki da su, yawanci daga cikin alade ake samo shi. Akwai na gwanda, akwai na ƙwayoyin bakteriya, kuma suna yin aikin. Robar da na saya ba ta faɗi wanne aka sa ba. Ba ta faɗi irin kifin ba ma: karfasa ce ta kiwo, ko kifin teku? Ba maganar gwajin ƙarafa masu guba irin su dalma ko makyuri. Gargaɗi ga masu borin jini da kifi kuwa an rubuta shi ƙanana a can ƙasa.

Farcena sun rage karyewa, fatata dai tana nan yadda take. Kada kowa ya maye gurbin abinci da shi, domin kolajin ba shi da tiriftofan, ɗaya daga tubalan furotin da dole jiki ya samu daga abinci, kuma jiki ba ya gina nasa sai da bitamin C.

Idan wannan robar ta ƙare, wadda ta rubuta sunan kifi da na enzayim zan nema.