Kafin ka biya kuɗin doki: wane gwaji ya dace da wuyansa?

Masu sayen doki a Katsina da Daura sun iya duba haƙori da kofato, sun iya sa a yi sukuwa don a ji numfashi. Wuya ne ba a cika kulawa da shi ba, alhali shi ke shan wahalar linzami, a filin ƙwallon dawaki ne ko ranar Hawan Bariki da Hawan Magajiya, inda ake zaburowa a tsaya cak gaban sarki.

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan doki, kuma akwai ƙananan gaɓoɓi hagu da dama da ke haɗa su. Waɗanda suka fi saurin tsufa su ne na ƙasa, tsakanin ƙashi na 5 da na 6, da na 6 da na 7, dab da kafaɗa.

Gwaji mafi araha shi ne na hannu da ido, kuma da shi ake farawa. Ɗebi dusa a tafinka, ka kai ta wajen haƙarƙarinsa na dama, sannan na hagu. Lafiyayyen doki zai lanƙwaso wuya ya lashe. Mai ciwo sai ya juyo da jikinsa duka, ko ya miƙo kai rabi ya haƙura. A sa shi ya ja da baya, a zagaya da shi a ƙaramar da'ira, a lura ko yana tuntuɓe ko harɗe ƙafafu. Dillali zai ce maka, "Alhaji, gajiyar hanya ce." Mai yiwuwa ne, amma ka sake dubawa bayan ya kwana ya huta.

In wannan ya nuna alama, sai hoton ƙashi. Ana ɗaukarsa doki na tsaye, bayan an yi masa allurar da ke sanyaya jiki. Yana nuna kumburin gaɓa, tsiron ƙashi a gefenta, da tsohuwar karaya. Sai dai hoton gefe kaɗai yakan ɗora gaɓar hagu a kan ta dama, ba a gane wacce ke da matsala. Don haka ka nemi a ƙara da na karkace. Ka kuma tambayi ƙarfin na'urar tun kafin ka yi hayar mota, domin ƙaramar da ake yawo da ita takan kasa ratsa naman kafaɗa, wato daidai inda ciwon ya fi zama. Asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, su ne wuraren fara wannan tambaya.

Ga inda ake ruɗewa: dawaki da yawa da suka manyanta hotonsu na nuna gaɓoɓi masu kauri, amma suna aikinsu garau. Kada ka fasa ciniki saboda hoto kawai, sai in abin da ya nuna ya yi daidai da abin da likita ya gani a tafiyar dokin.

Sikanin, irin wanda ake duba ciki da shi, yana ganin ruwan da ya taru a gaɓa da bakin ƙashi, kuma da shi ake saita allura in za a sa magani cikin gaɓar. Ba ya ganin abin da ke cikin ƙashi, shi ya sa a ganina ƙari ne a kan hoto.

Siti sikan, wato hoton da na'ura ke ɗauka yanki-yanki ta kowane ɓangare, ya fi su duka bayani, amma gindin wuya yawanci sai an sa doki barci gaba ɗaya, ga tsada, ga wuyar samu. Na masu dawakin ƙwallo masu tsada ne, irin na Ajantina.

Dokin da ke tangaɗi kamar mai maye kuwa, ana zargin ƙashin wuya na danne masa laka, wato babbar jijiyar da ke ratsa cikin ƙashin wuya da na baya. Hoto na yau da kullum ba ya tabbatar da wannan, sai an zuba ruwan rini kewaye da lakar an sake ɗauka. Irin wannan kada a ɗora masa yaro ranar hawa, komai kyan kayan da aka yi masa.