Bagazam, Atlas ko Nepal: Ina Ɗan Maraɗi Zai Kai Kuɗin Tafiyarsa?

Ƙanena da abokansa biyu sun kusa shekara biyu suna zubin adashi saboda buri ɗaya: su yi kwanaki suna takawa a ƙasa, daga wannan ƙauyen kan dutse zuwa wancan. Ran nan bayan la'asar suka same ni a rumfa, waya cike da hotunan Nepal. Ƙanen nawa ya ce, "Yaya, kai da ka taɓa yin irinta, ina za mu kai kuɗin nan?" Na ce su ajiye hotunan tukuna, mu fara da maganar jiki.

Mu a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa muka tashi, tsayin Maraɗi daga teku bai kai mita 500 ba. Jikin da ya saba da nan, da zarar ya haura mita 2,500 yakan fara ƙorafi: ciwon kai, tashin zuciya, barci ya ƙaurace, numfashi sama-sama. Iskar can ba ta ƙosar da jini kamar tamu, kuma ƙarfin samartaka ba ya karewa. Shawarar likitoci ita ce in an wuce mita 3,000, kada makwancin yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a huta yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu, in ciwon ya ƙaru kuwa a sauko nan take. Akwai kuma abin da ya fi shafarmu: amosanin jini. Mai sikila bai kamata ya hau ba sai likitansa ya yarda, har mai AS da yake zaune lafiya lau saifarsa na iya samun matsala a can sama. Kuɗin gwajin jini bai kai na takalmi ba, shi ne sayayya ta farko.

Wurin da zuciyata ta fi so shi ne namu na gida, Abzin. A kan tsaunin Bagazam ne ƙololuwar da ta fi kowace tsayi a Nijar take, mita 2,022, wato bai kai inda ciwon tsayi ke fara damun mutane ba. Can sama akwai ƙauyukan Buzaye da garakensu na albasa da tafarnuwa da dankali, jakai ke hawa da kaya suna saukowa da amfanin gona. Ga ƙauyen Timiya mai lemo da rumman, wajen kilomita 220 daga Agadas. Ba fasfo, ba jirgi, da sefa za ka yi ciniki, Hausarka kuma za ta fisshe ka kusan ko'ina. Lokacinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, amma sanyin darensa ya fi hunturunmu cizo. Matsalolinsa biyu ne. Ba a jera masaukai a hanya ba, sai ka tafi da ɗan jagora na yankin, da mai jaki, da abincinka da shimfiɗarka. Babbar kuwa ita ce tsaro: hanyoyin arewa yau lafiya gobe akasi. Wanda yake da amintaccen mutum a Agadas da zai ce masa taho ko dakata, kuma ya sanar da hukuma inda za shi, to ba zaɓin da ya kai wannan sauƙin kuɗi. Wanda ba shi da kowa, ya jinkirta.

Abin da na zaɓar wa yaran shi ne duwatsun Atlas na Maroko. Daga Marakesh zuwa ƙauyen Imlil tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a mota, kuma Imlil ɗin yana wajen mita 1,800, daidai yadda jiki zai saba a hankali. Daga nan hanyoyi suka rarrabu: gabas zuwa Tashedirt, yamma kuma a tsallaka mashigar Tizi Mzik mai kusan mita 2,500 a gangara kwarin Azaden. Yini guda tafiyar awa biyar ko shida ce, tsakanin gonakin sha'ir da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin dutse da lambunan tuffa. Alfadari ke ɗaukar kaya, kai ruwanka da rigar sanyi kawai za ka goya. Da yamma ka sauka a gidan baƙi na mutanen ƙauye, a kawo tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa, ko kuskus da shayin na'a-na'a. Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne ba ka tambayar yadda aka yanka nama, kuma kiran sallar asuba daga masallacin ƙauye ne zai tashe ka. Harshensu dangin na Buzaye ne, masu jagora kuwa suna jin Faransanci da Larabci.

Kwana huɗu ko biyar sun isa zagayen ƙauyuka. Wanda ya ga jikinsa ya karɓa sai ya ƙara kwana biyu ya hau dutsen Tubkal, mita 4,167, mafi tsayi a Arewacin Afirka, a kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu matan Turai biyu a yankin a Disambar 2018 ba a barin baƙo ya hau shi ba ɗan jagora. Girgizar ƙasar 8 ga Satumbar 2023 ma ta rusa gidaje da yawa a waɗannan duwatsu, don haka a tambayi halin da masaukin kowane ƙauye yake ciki. Kuɗin jirgi daga Yamai zuwa Kasabalanka shi zai cinye kaso mafi tsoka. Ƴan Nijar sun daɗe suna shiga Maroko ba biza, amma a tabbatar da dokar da ake kai kafin a yanki tikiti. A je tsakanin Afrilu da Oktoba, don da hunturu ƙanƙara na rufe mashigai.

Tsaunin Simiyen na Habasha kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai yawanci a tanti ake kwana, ba a cikin ƙauye ba, kuma yankin Amhara na fama da rikici tun 2023. Na cire shi.

Nepal ɗin da ya ɗauke musu hankali ya cancanci sunan da ya yi. Zagayen duwatsun Anapurna na da masaukai a kusan kowane ƙauye, shinkafa da miyar adas kullum a wuta, ita ce ma abin da Musulmi zai riƙe ya bar nama. Amma tafiyar sati biyu ce zuwa uku, jirgi sai an canza, kuma dole a tsallaka mashigar Torong La, mita 5,416. A Oktoban 2014 guguwar ƙanƙara ta kashe mutum fiye da 40 a wannan yanki. Wanda bai taɓa kwana sama da mita 3,000 ba, ban yarda ya fara da nan ba, ya bar ta ta zama tafiya ta biyu.

Ko ina aka zaɓa, kafin a tura ko dala a sa mai shirya tafiyar ya rubuto tsayin makwancin kowane dare, da abin da kuɗin ya ƙunsa: jagora, dabbar kaya, abinci, motar kai da ɗaukowa. A tambaye shi abin da zai yi in wani ya kasa a tsakiyar hanya. Wanda ya yi ta kewaye-kewaye a wannan tambaya, a nemi wani, komai arharsa. Kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran sai an haɗu ido da ido.

Takalmi kuma kada a saya daren tafiya. A cikin gwanjon babbar kasuwa ana samun masu kauri da ke rufe idon sawu. A duba ƙasansu bai cinye ba, a ɗauki wanda ya ɗara ƙafa kaɗan saboda safa mai kauri da gangara. Yaran sun tsayar da Oktoba. Ranar Litinin za su gwajin jini, daga Asabar kuma za su fara zuwa Tibiri a ƙasa su dawo, kowa da jaka a baya, cikin takalman da za su tafi da su.